Wa ya ga ɗiyar ƙirya?

Akwai wani ɗan aiki da muke roƙon duk wanda zai leƙa gida a kwanakin nan ya yi mana. In ka bar kwalta a Dogon Dutsi ka nufi Matankari, ko ka yi kudu wajen Kore Mairuwa, Tibiri da Dumega, ka sa salula aljihu ka dubi gonaki. Ka nemi iccen ƙirya. In ba ka san ta ba kar ka ji kunya, da yawanmu da muka tashi a birni haka muke. Tambayi tsohon da ke kusa da kai a mota, zai nuna maka. Za ka hango guda can tsakiyar gona, ɓawonta baƙi mai kaushi, an sassare mata rassa har inuwarta ba ta isar mutum biyu. Sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga wata. To ga aikin: ka nemo mana ƙiryar da ba ta kai tsawonka ba. Ƙarama, mai tasowa. Ka ƙirga nawa ka gani.

Mun san abin da yawancinku za su dawo da shi. Manya, nan da can. Ƙanana, da ƙyar ko babu.

Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami yau. Garin da ka shiga ka tarar da tsoffi kaɗai, ba kukan jariri, ba yaro a dandali, ba sai wani ya gaya maka makomarsa ba, ko da kuwa kowane tsoho yana da lafiya. Haka icce yake. Mu muna jiran ranar da za a sare ta ƙarshe mu ce ƙirya ta ƙare, alhali tun ranar da ta daina barin ɗiya a ƙasa lissafin ya rufe. Sauran shekarun jiran gatari ne kawai. Kuma a ƙasar Arewa muke wannan magana, inda akwai gari sukutum da kowa ke jin sunan iccen a cikin sunansa, wato Dogon Kirya.

Ga wanda bai san darajarta ba, ya shiga madafar gidansu ya ɗaga tsohon turmin nan mai nauyi da aka gada. Akwai yiwuwar ƙirya ce. Iccenta tauri gare shi kamar ƙarfe, gara ba ta cinsa, shi ya sa ake sassaƙa turmi da taɓarya da shi, ake kafa gwafannin rumbu da shi, su shekara da shekaru a cikin ƙasa ba su ruɓe ba. Maƙeri kuwa in ka ba shi zaɓi, gawayin ƙirya zai ɗauka, don wutarsa ta fi zafi kuma ta fi daɗewa. Hauya da gatari da lauje na kakanninmu da wutarta aka ƙera su, har gatarin da ake sare ta da shi. Ganyenta da kwanson ƴaƴanta abincin bisashe ne a tsakiyar rani lokacin da ƙasa ta yi fari fat. Masu magani suna ɗibar ɓawonta da saiwarta. Can kudu a tsakiyar Nijeriya ƙwayar ƴaƴanta ake dafawa a yi daddawa, kamar yadda mu nan muka saba da daddawar batso. Kuma tana cikin dangin itatuwan da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, irin su gawo, don haka hatsi ba ya gaba da ita.

Amfanin nan nata shi ne ajalinta. Ku duba yadda abin ke tafiya. Da rani makiyayi ya hau ya sassare rassan don tumaki da shanu, kuma rassan da ya sare su ne za su yi fure su ba da ƴaƴa. Ɗan abin da ya tsira ya nuna ya faɗo, yara da mata sun tsince sun kai wa bisashen gida ko sun kai kasuwa. Ƙwayar da ta kuɓuta ta faɗi ƙasa tana da ɓawo mai tauri, ruwa ba ya shigarta da sauƙi, tana iya kwana a ƙasa damina ta zo ta wuce ba ta motsa ba. Wadda Allah ya sa ta tsiro, hauya ta share ta wajen noma, don mai noman bai gane ta ba ko bai damu ba. Wadda hauya ta bari, da an kwashe amfanin gona aka saki dabbobi, akuya ta gama da ita. Ƙirya kuma ba mai saurin girma ba ce, shekarun da take yi tana ƙasa da bakin akuya suna da yawa. Ba wanda ya yi mugunta a cikin duk waɗannan mutane. Makiyayi yana ceton dabbarsa, mace tana neman na cefane, manomi yana neman hatsi. Amma in ka haɗa su, sakamakon ɗaya ne da na wanda ya ƙudurta ƙarar da iccen.

Wani a fada zai ce: to mu mi ya shafe mu, mu da ko gona ba mu da? Ɗan uwa, dubi furnon da shayinka ke kai. Ba mu ce duk gawayin da ke cikinsa na ƙirya ba ne, amma icce ne, kuma mai tauri ake nema don shi ke yin gawayi mai kyau. Amalanken icce da ke shigowa gari kullum da safe, da motocin da ke ɗauka zuwa Dosso da Yamai, ba mutanen ƙauye suke kai wa ba. Mu ne kasuwar. Mai sara yana can daji da gatari, amma kuɗin da ya tashe shi da asuba daga aljihunmu ya fito. Gidan da ke da halin sayen tukunyar gas ya ƙi, wai tuwon icce ya fi daɗi, shi ma ya san nasa kason.

Ba za mu ce ba a yi komai ba. Ƙasar nan ta yi abin da duniya ke zuwa koyo. Dokar gandun daji ta 1974 ta jera itatuwa iri 15 da aka hana taɓawa, cikinsu akwai gawo, giginya, goriba, kuka, tsamiya, ɗorawa da aduwa. Niyyar mai kyau ce, sai dai ta haifar da abin da ba a zata ba: manomi ya ɗauka icce na gwamnati ne, in ya bar shi ya girma a gonarsa tara ya jawo wa kansa ranar da ya yanki reshe. Sai ya riƙa kashe shi tun yana ƙarami, kafin ɗan gandun daji ya gan shi. Bayan farin 1984 aka fara sauya tunani. A jahar Maradi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin suka lura cewa ƴan tsirran da ake sharewa kowace shekara wajen sassabe kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka yanke sauran, cikin ƴan shekaru icce ya tashi. Shi ne sassaben zamani. Masana sun ƙiyasta cewa da wannan dabara an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200, galibi a jahohin Maradi da Damagaram. Dokar gandun daji ta 2004 ta zo ta sassauta, sannan a ranar 30 ga Yuli 2020 aka fitar da ƙudurin da ya amince cewa manomin da ya reni icce a gonarsa yana da haƙƙin cin amfaninsa.

Duk wannan abin alfahari ne, kuma muna goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Amma akwai iyakar da ba a cika faɗa ba a tarukan da ake yabon kai. Sassaben zamani yana tayar da abin da ke da saiwa a ƙasa ne. Sabara, kalgo, geza, taramniya, gawo, waɗannan suna nan, da an ɗaga musu ƙafa za su miƙe. Iccen da kututturensa ya mutu, aka tone saiwar aka yi gawayi, kuma babu uwarsa a kusa da za ta zubar da iri, ko shekara hamsin ka yi kana sassaben zamani ba zai fito ba. Gona tana iya yin kore shar a hoton tauraron ɗan adam, alhali iri huɗu ko biyar ne kacal a cikinta. A tambayi tsoffin Matankari ko na Gesheme itatuwan da suka sani a dajin ƙuruciyarsu, a sa su jera: ƙirya, ɗinya, kanya, danya, madobiya, ɗorawa, gawasa a cikin fadama. Sannan a fita da su a ce su nuna. Tazarar da ke tsakanin abin da suka jera da abin da suka iya nunawa, ita ce asarar da muke magana a kai.

Bari mu ɗan fita waje mu dawo, don akwai wani labari daga Ingila da ya yi kama da namu. Akwai dangin furanni da Turawa ke kira okid, sun fi iri dubu 25 a duniya, kuma masu sha'awa na zuba kuɗi a kansu. Ɗaya daga cikinsu, wanda suke wa laƙabi da takalmin uwargida saboda siffar furensa, masu tonowa su kai lambunansu sun bi shi har aka sanar a 1917 cewa ya ƙare a ƙasar. A 1930 sai aka ci karo da guda ɗaya tak a wani tsauni na yankin Yokshaya. Suka ɓoye wurin, daga baya suka sa masu gadi suna kwana kusa da shi lokacin furensa. Shekaru suka yi ta wucewa, furen yana nan da rai, amma shi kaɗai. Gadi ya hana a sace shi, bai ba shi ɗiya ba. Matsalar ita ce ƙwayar okid kamar ƙura take, ba ta da guzurin abinci a cikinta, ba ta tsirowa sai ta gamu da wani irin naman gwari a cikin ƙasa da zai ciyar da ita. Sai daga 1983 masanan lambun Kew na Landan suka duƙufa, suka gano yadda za su tsirar da ƙwayar a cikin kwalba a ɗakin bincike, suka reni ƙananan, suka mayar da su daji wuri-wuri. Sai a ƴan shekarun nan aka ga wanda ya tsiro da kansa daga irin waɗanda aka mayar.

Fure ne fa, ba a ci, ba a sassaƙa turmi da shi. Mu namu iccen yana ciyar da dabba, yana ƙera hauya, kuma tsirar da shi ba ya bukatar ɗakin bincike ko kwalba. Abin yankan farce ya isa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ƙiryar Arewa musamman ta fi ƙarfin a yi wasa da ita. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, masanan ICRAF da INRAN, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou, sun tattaro irin ƙirya daga wurare daban-daban na Nijar da Burkina Faso, daga inda ruwan sama ke da yawa har inda yake da ƙaranci. Suka shuka su wuri guda, suka bi su shekaru. Abin da suka wallafa a 2008 ya nuna cewa ɗiyan itatuwan da suka fito daga wuraren da suka fi fari su suka fi rayuwa, kuma su suka fi girma. Ma'ana, tsohuwar ƙiryar nan da ke tsaye ita kaɗai a wata gona ta Dogon Kirya ko Sukukutan, wadda ta ga farin 1973 da na 1984 ta tsallake, tana ɗauke da abin da ba a saye a kasuwa. In ta faɗi ba ta bar iri ba, ba za a je Gaya ko Benin a ɗebo madadinta ba, don na can sun saba da ruwan da mu ba mu da shi. Kuma a daidai wannan yanki na arewa ne rashin tsaro ya sa zuwa daji ya yi wuya, ma'aikaci ba ya shiga yadda ya saba. Wanda zai iya tsinto irin nan shi ne ɗan garin, ko ɗan birnin da garin ne tushensa.

Yanzu mu zo ga 3 ga Agusta. Tun 1975 ranar samun ƴancin kai ta zama ranar dashen itatuwa a ƙasar nan. Mun sha fita, mu ma da ƙungiyarmu, da riguna iri ɗaya, aka haƙa rami, aka ɗauki hoto, aka sa a Facebook. Me muka dasa? Dogon yaro da turare, wani lokaci da ƙayar nan baƙuwa da ake ce wa furosofis, wadda abin dariya ƴar uwar ƙirya ce ta nesa da aka kawo daga nahiyar Amurka, ga ta nan ta cika bakin tafkuna tana hana dabba shan ruwa. Ba mu raina dogon yaro ba. Daga Indiya ya zo, amma inuwar titunan Dutsi tasa ce, kuma shi aka jera a kwarin Majiya ya tare iska ya ceci gonaki. Sai dai dogon yaro ba ya cikin haɗari, ko ba ka dasa shi ba tsuntsu zai dasa maka. Abin da ya sa ake ta maimaita shi shi ne sauƙi: yana tsirowa da wuri, akuya ba ta cika damunsa ba, mai renon itatuwa ya san zai sayar. In ka je wurin renon ka ce a ba ka ƙirya ɗari, sai a dube ka. Ba laifin mai renon ba ne, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Mu ma sai mu faɗi gaskiya a kanmu: cikin abin da muka dasa a shekarun baya, nawa muka koma muka duba a watan Afrilu?

Abin da muke kira a yi ba ya jiran Agusta, don wanda ya tashi neman ƙirya a Agusta ya makara. Da rani ƴaƴanta ke nuna, kwanso baƙi-baƙi mai tauri wanda ba ya fashewa da kansa, in ka girgiza ka ji ƙwayoyin suna kaɗawa a ciki. A lokacin ake tsinta, da izinin mai gona. Kar a cika buhu daga icce ɗaya don ya fi kusa da hanya. Masana iri suna ba da shawarar a ɗiba daga uwaye da yawa, ashirin ko talatin, masu nisa da juna, don kar duk abin da za a dasa ya zama ɗiyan ɗaki ɗaya, cuta guda ta kwashe su. A daka kwanson a hankali a fitar da ƙwaya, a shanya a inuwa, a rubuta garin da aka ɗebo. Wajen Maris ko Afrilu a ɗan ƙwarzane gefen kowace ƙwaya da abin yankan farce, kaɗan dai yadda ruwa zai samu ƙofa, a jiƙa ta kwana, a shuka a leda mai zurfi don saiwarta ƙasa take nufa tun tana ƙarama. Ledojin ruwan da suka cika mana lunguna ma suna iya fara aikin. In damina ta zauna a dasa.

Daga nan ne wahalar take, kuma nan ne muke faɗuwa kullum. Tsiron ƙirya ba shi da tsada, kariyarsa ce mai tsada. Sai an kewaye shi da ƙaya ko tubali ko waya, a ba shi ruwa a ranin farko, a koma a gyara shingen shekara uku ko huɗu. Don haka gara fada guda ta ɗauki ƙirya goma ta tsaya a kansu da ta dasa ɗari biyar ta tafi. A fara da wuraren da ke da katanga da mai kula: makarantu, gidajen likita, harabar masallatai, maƙabartu, lambunan da ke da rijiya. A gona kuwa, sai an zauna da mai ita ya yarda, ya san iccen nasa ne, takardar 2020 tana bayansa. Wanda aka dasa wa icce a gona ba da sonsa ba, hauya ce za ta ba da amsa.

Ga hukumomin ƙananan hukumomin Dutsi da Tibiri da ma'aikatan gandun daji, buƙatarmu ba ta da yawa. In za a yi odar itatuwan 3 ga Agusta, a rubuta a cikin odar cewa wani kaso ya zama na gida, a faɗi sunayensu, kuma a ba da odar tun da rani don mai reno ya samu lokacin neman iri. Da zarar ya ga akwai mai saye, shi da kansa zai aika a tsinto, matan da ke tsintar kwanson don dabbobi su samu wata kasuwar. A kuma san manyan uwayen da suka rage, a yi magana da masu gonakin da makiyaya a ɗaga musu ƙafa wajen sassarar rassa, ko da shekara ɗaya cikin biyu ce, don su samu su yi ƴaƴa. Wannan magana ce ta zaman sarakuna da hakimai da ruggage, ba ta tara ba. Tara mun gwada ta tun 1974.

Za a ce mana mutane na fama da tsadar abinci da rashin tsaro, ku kuna zancen icce. Mun ji, kuma ba mu ce a bar waɗancan ba. Amma wanda ya ga 2005 ya san abin da mutanen karkara suka koma ci da rumbu ya ƙare: anza, da ganyayen daji, da ƴaƴan itatuwa. Daji shi ne rumbu na biyu na talaka, kuma kowane irin icce da ya ɓace, wani abu ne aka cire daga cikinsa. Za a kuma ce wanda ya dasa ƙirya ba shi zai sassaƙa turmi da ita ba. Gaskiya ne. Turmin da ke gidanku ma ba wanda ya ga tsirowar iccensa a cikin waɗanda ke cin tuwonsa yau.

Wanda ya je gida ya yi ƙirgar nan, ya aiko mana da sunan gari da adadin manya da na ƙanana da ya gani, ko da sifili ne, don sifilin ma labari ne. In ka samu babbar uwa mai lafiya da ke zuba ƴaƴa, ka gaya wa mai gonar da ɗan gandun dajin yankin, amma kar ka sa hotonta da kwatancen wurin a intanet. Masu gawayi ma suna da salula.